Yadda Ake Sauke Ƙaramin Jirgi Idan Inji Ya Mutu Jim Kaɗan Bayan Tashi

Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin su Cessna 172 da Diamond DA40 da ake koyon tuƙi da su, ba ya rikitowa ƙasa don kawai injinsa ya mutu. Fukafukai ne ke riƙe da shi, su kuwa ba ruwansu da inji. Abin da suke so kawai iska ta riƙa bi ta kansu da isasshen gudu. In inji ya ɗauke, jirgin zai ci gaba da tafiya yana saukowa a hankali, kamar motar da aka sa a firi a kan gangare. Cessna 172 yakan ci kusan ƙafa 9 zuwa gaba a duk ƙafa ɗaya da ya sauko.

Abin da ya sa mutuwar inji bayan tashi ta fi kowace muni shi ne ƙarancin lokaci. Wanda injinsa ya mutu yana ƙafa 6,000 sama da ƙasa yana da wajen minti bakwai: zai duba tanki, ya kira hasumiyar da ke ba jirage izini, ya zaɓi fili, har ya sake shawara. Wanda nasa ya mutu a ƙafa 500 kuwa, abin da ke hannunsa bai wuce daƙiƙa 40 ba. Ga hancin jirgi a ɗage, ga gudu kaɗan, ga titin da ya baro a bayansa yana ja masa rai. Rahotannin hatsari cike suke da matuƙan da jirginsu na nan lafiya, yana jin sitiyari, amma suka kifar da shi da hannunsu garin neman komawa wannan titin.

Bayanin nan na ɗalibi ne, irin wanda ke kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya ko ta Ilori, da kuma matuƙin da ya riga ya karɓi lasisi. Alƙaluman gudu da zan kawo na Cessna 172S ne, da ma'aunin not, wanda ɗayansa kusan kilomita 1.85 ne a awa. Kowane jirgi da nasa littafin, kuma abin da littafin jirginka da malaminka suka faɗa shi ke gaba da nawa.

Mataki na farko: toshe ƙofofin tun jirgi yana ƙasa

Injin jirgi bai cika mutuwa haka siddan ba. Sau da yawa mai ne bai isa gare shi ba, ko ya isa amma gurɓatacce, kuma duka biyun ana iya kama su kafin a murɗa makulli.

Buɗe murfin tanki ka leƙa da idonka, ka tsoma sandar awo. Kada ka dogara da agogon mai shi kaɗai, kada kuma ka dogara da "ai jiya aka cika shi". Sannan ka tsiyayi mai a kofin gwaji daga kowane mazubi na ƙarƙashin fiffike da na ƙarƙashin inji. Cessna 172S yana da irin waɗannan mazubai har 13, kuma ba don ado aka sa su ba. Fetur ɗin ƙananan jirage, wanda ake kira 100LL, shuɗi ne mai haske. Ruwa ya fi shi nauyi, don haka zai taru ƙwaya-ƙwaya a gindin kofin ko ya ja layi. Wanda ya fi yaudara shi ne kofin da ya cika da ruwa zalla, babu layi babu ƙwaya. Duba launi, ka shinshina. Da damina, jirgin da ya kwana a waje ruwa na dukansa, robar murfin tankinsa kuma ta tsufa, ka ɗauka akwai ruwa a cikinsa har sai kofi ya wanke shi. In yanzu aka zuba mai, ba shi ɗan lokaci ya kwanta kafin ka tsiyaya. Ruwan da ya laɓe a lungun tanki yakan jira sai jirgi ya ɗaga hanci sannan ya gangaro bututu. Shi ya sa inji ke cinye duk gwajin ƙasa lafiya ƙalau, ya je ya mutu a saman katangar fili.

Ka tsaya a wurin lokacin da ake zuba maka mai. In aka ɗura Jet A-1, wato kananzir ɗin jirage, a tankin injin da ke shan fetur, inji zai tashi, zai yi gudun titi da ragowar mai mai kyau da ke bututu, sai an cilla sama sannan ya fara ƙwanƙwasa ya lalace. A filin da ake ajiye jirage iri biyu, misali DA40 NG mai shan kananzir kusa da tsofaffin jirage masu shan fetur, kula ta zama dole. Gwajin ba wuya: ɗiga man a farar takarda. Fetur zai bushe bai bar komai ba, kananzir zai bar tabon maiƙo.

Akwai kuma zanzaro, wanda ba ya ganin rami ya ƙyale. Tanki yana da ɗan bututun da yake shaƙar iska da shi. In zanzaro ya liƙe shi da laka, mai zai gudana na ɗan lokaci sannan ya ƙafe, kuma wannan ɗan lokacin yakan isa a bar ƙasa. Leƙa shi, ka leƙa bututun awon gudu ma, balle in jirgi ya daɗe a ajiye. Duba baƙin mai da murfinsa, duba ko tsuntsu ya yi sheƙa a bakin inji. Jirgin da ya fito daga hannun injiniyoyi kuwa, tashinsa na farko ka yi shi kana zargin komai.

Ka san mariƙin zaɓen tanki har ka iya kai hannu gare shi ido a rufe, kuma ka saita shi tun kafin ka baro wurin ajiya. Kada ka canza tanki daf da hawa titi, domin in tankin da ka koma wa babu komai, ba za ka sani ba sai man da ke bututu ya ƙare. Mawaƙin Amurka John Denver ya mutu ranar 12 ga Oktoba 1997 a gaɓar Monterey ta Kaliforniya, cikin jirgi ƙirar Long-EZ da bai daɗe da saya ba. Wanda ya haɗa jirgin ya sa mariƙin tankin a bayan kafaɗar matuƙi ta hagu. Mai ya ƙare a tankin da yake sha, ya juya jiki don ya murɗa mariƙin, jirgin ya kuɓuce masa ya faɗa teku.

Gwajin inji kafin tashi ba al'ada ba ce da ake yi don a ce an yi. A 172S ana kai inji juyi 1,800 a minti, a gwada maganeto, wato na'urori biyun da ke ba filogi wuta, ɗaya-ɗaya. Raguwar juyin kada ta wuce 150 a kowanne, bambancinsu kuma kada ya wuce 50. In babu raguwa ko kaɗan, wannan ma matsala ce. In inji na kakkarwa kuma bai washe ba, koma wurin ajiya.

Jiragen da ke da kafireta, irin su Cessna 152 da tsofaffin 172, suna da wani ciwo da mutanen ƙasar zafi ke rainawa, wato ƙanƙara. Iskar da ke ratsa maƙogwaron kafireta tana iya yin sanyi da fiye da digiri 30, saboda haka a ranar damina mai laima ƙanƙara na iya taruwa a ciki alhali kai gumi kake yi. Takan taru ne yayin da inji ke silo kana jiran izini. In ka daɗe a tsaye, ja mariƙin zafin kafireta na ɗan lokaci, ka mayar da shi kafin ka ba da wuta.

Zafin rana kansa yana cin ƙarfin inji. Filin jirgin Kano yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, inji da fukafukai ji suke kamar suna kusa da ƙafa 5,000. Filin Jos ya haura ƙafa 4,200, don haka a digiri 30 lissafin yana kai wajen 7,000. Injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000. Jirgi zai hau a sanyaye, kuma in ya kai wani tsawo zai kasance ya yi wa titi nisa fiye da yadda ka saba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: yanke hukunci kafin ka hau titi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daƙiƙa 40 ba ta isa tunani, sai dai aiwatar da abin da aka riga aka yanke. Tsaya a layin jira, ka faɗa da bakinka, da ƙarfi, ko da kai kaɗai ne a jirgin:

"In wani abu ya faru ina kan titi, zan rufe totur in taka birki. In na tashi da sauran titi a gabana, zan sauke hanci in sauka a kansa. In titi ya ƙare kuma ban kai ƙafa kaza ba, zan sauke hanci zuwa not 70 in sauka a gabana, a filin da ke ɗan dama. Iska daga hagu take, in na wuce ƙafa kaza kuma zan juya, hagu zan yi."

Wannan "ƙafa kaza" ka mayar da ita lambar da za ka gani a agogon tsawo, ba tsawo daga ƙasa ba. In fili yana ƙafa 2,200 kuma iyakarka ƙafa 1,000 ce, lambar da kake jira 3,200 ce. Ba a son lissafi a sama. "Filin da ke ɗan dama" kuma ya zama filin da ka sani da gaske: ka duba hoton tauraron ɗan'adam, ka lura da shi duk lokacin da kake tashi lafiya, ka tambayi matuƙan wurin. Garuruwanmu suna cin gonaki da sauri, filin da malaminka ya nuna maka bara yana iya zama unguwa bana.

Yi amfani da titi tun daga farkonsa. In hasumiya ta ba ka damar shiga daga tsakiya don rage lokaci, kana da ikon cewa a'a. Ɗaure bel har da na kafaɗa, ka ja shi tamau, ka tabbata kujera ta kulle.

Mataki na uku: gudun titi

Tura totur a hankali har ƙarshe, ka bar hannunka a kansa. Waiga agogo sau ɗaya: juyin inji ya kai yadda littafi ya ce, a 172S tsakanin 2,300 da 2,400, matsin baƙin mai yana kore, allurar gudu ta motsa. Akwai ƙa'idar da matuƙa ke amfani da ita: in ka kai rabin titi ba ka sami kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, fasa. Ka zaɓi alamar rabin titin tun kafin ka motsa. Fasawa a nan ba ta cin komai sai ɗan taya da birki da ɗan kunya a rediyo.

Bayan ka tashi, hau da gudun da ya fi ba ka tsawo cikin ƙanƙanin lokaci, not 74 a 172S. Kada ka taɓa totur, kada ka canza tanki, kada ka kashe famfon mai in jirginka na da shi, sai ka kai tsawon da ka faɗa.

Mataki na huɗu: sauke hanci

Inji ya yi shiru, ko ya yi tari ya mutu. Abu ɗaya ne tak a gabanka, tura sitiyari gaba.

A nan aka fi faɗuwa, kuma dalilin na jiki ne. Masu bincike sun saba lissafa wa matuƙi wajen daƙiƙa huɗu kafin ƙwaƙwalwarsa ta yarda abin ya faru. A cikin waɗannan daƙiƙu hanci na nan a ɗage, babu abin da ke jan jirgi, gudu na zubewa. Ga ƙasa a kusa, zuciya na cewa ja sama. Wanda ya ja, ko ma ya riƙe sitiyari yadda yake, zai kai fiffike inda iska za ta sake shi, abin da matuƙa ke kira sitol. Sitol a ƙafa 300 ba a farfaɗowa daga gare shi.

Turawar ba 'yar kaɗan ba ce. Daga hancin hawa zuwa hancin gangara akwai tazara, kuma dole ka yi ta da azama har ka ji jikinka ya ɗan yi sauƙi a kujera, gilashin gaba ya cika da ƙasa. Ganin zai ba ka tsoro, amma haka ake so. Nemi not 70 in filaf (farantin bayan fiffike da ake saukewa don dira a hankali) na sama, 65 in ka sauke shi. Kada ka zuba wa agogo ido kana farautar lamba. Ka san yadda hanci ke zama da sararin gaba a lokacin gangara, ka ajiye shi nan, sannan ka waiga agogo ya tabbatar maka. Rage matsin ƙafar dama da kake yi lokacin hawa, tunda injin da ke karkatar da jirgi hagu ya tafi.

Mataki na biyar: zaɓi wuri a cikin abin da gilashin gaba ya nuna maka

Duba gabanka, kusan digiri 30 hagu da dama. Daga ƙafa 500, jirgin ba zai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Akwai dabarar gane inda za ka kai: wurin da ke hawa sama a gilashi ba za ka kai shi ba, wanda ke zamewa ƙasa za ka wuce shi, wanda ya tsaya cik nan za ka dira.

Ba fili mai kyau kake nema ba, wanda ya fi dama-dama kake nema. Hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta lissafa cewa jirgin da ke gudun mil 50 a awa zai iya tsayawa cikin ƙasa da ƙafa 10 ba tare da bugun ya wuce abin da aka gina ɗakin matuƙi ya jure ba. A mil 100 kuwa sai kusan ƙafa 38. Wato gudu in ya ninka, bugu ya ninka huɗu. Saboda haka ko gajeren fili ya wadatar, muddin ka iso shi a hankali, fukafukai a daidaice, jirgi yana jin hannunka.

A gona, bi tsawon kunya, kada ka gicciye ta, don tayar gaba za ta cije jirgi ya wuntsila. Gonar da aka girbe ta fi wadda ke da dogon dawa, amma ko dawar tana rage gudu ba tare da kisa ba. Fadama da gonar shinkafa suna da kyan gani daga sama, sai dai taya na nutsewa. Kula da suri, da kududdufi, da kuka guda a tsakiyar fili. Hanyar mota tana jan ido, amma tana zuwa da wayoyin lantarki da ba a gani sai an iso, da fitilu, da mutanen da ba su da laifin komai. Nemi turakun, ba wayar ba. In bishiyoyi ne kawai, saita hanci tsakanin biyu, fukafukai su sha bugun. Da ka zaɓa, zauna a kan zaɓinka. Canza fili a ƙafa 150 ya fi mummunan fili haɗari.

Maganar juyawa baya

Matuƙa suna kiransa juyin da ba ya yiwuwa. Yana yiwuwa wani lokaci, shi ya sa yake ci gaba da cin mutane.

Ga lissafin FAA. Inji ya mutu a ƙafa 300. Daƙiƙa huɗu sun tafi a mamaki. Matuƙi ya yi juyi mai laushi, digiri 3 a daƙiƙa, a not 65. Kafin ya fuskanci baya ya ci minti ɗaya, kuma ya sami kansa ƙafa 4,200 a gefen titi, ba a kan layinsa ba. Sai ya ƙara digiri 45 don ya nufi titin, jimla 225, wato daƙiƙa 75, da huɗun mamaki 79. In jirgi na saukowa ƙafa 1,000 a minti cikin juyi, ya zubar da ƙafa 1,316. Ƙafa 300 kawai yake da su.

To, a matse juyin mana? Lallai matsattsen juyi ya fi ajiye tsawo. David Rogers, farfesa a makarantar sojan ruwan Amurka, ya nuna a 1995 cewa karkata digiri 45 ita ta fi dacewa. Amma karkata tana ɗaga gudun da fiffike ke sakin iska: kashi 19 cikin 100 a digiri 45, kashi 41 a digiri 60. A 172S mai cikakken kaya, gudun sitol na ainihi not 53 ne a miƙe, ya koma wajen 63 a digiri 45, wajen 75 a digiri 60. Gudun gangara kuwa 68 ne. Ka ga tazarar ta ƙare. Sai matuƙi ya ga titi na wuce shi, ya ji tsoron ƙara karkata kusa da ƙasa, ya danna fedar wutsiya don hanci ya juyo da sauri, ya ja sitiyari don hanci na faɗuwa. Fiffiken ciki ya saki iska, jirgi ya kife yana katantanwa.

Ko juyin ya yi kyau, da sauran rina a kaba. In jirgi ya hau a sanyaye saboda zafi ko kaya, nisan da ya yi ya fi wanda zai iya gangarowa, tsawo ba zai cece shi ba. In kuma ya iso, iskar da ya tashi yana fuskanta yanzu tana bayansa. Jirgin da ke dira a not 50 cikin iskar not 10, a gaba gudunsa a ƙasa 40 ne, a baya 60. Bugun ya haura ninki biyu.

Ƙwarewa ba ta sayen kariya. Ranar 1 ga Oktoba 2023, a Lake Placid ta jihar New York, jirgi ƙirar Cessna 177RG ya sami matsalar inji jim kaɗan bayan tashi, ya juya zai koma, ya faɗi bai kai titi ba. Mutum biyun da ke ciki suka mutu. Ɗayansu Richard McSpadden ne, tsohon jagoran tawagar Thunderbirds ta sojan saman Amurka, kuma shugaban sashen kiyaye hatsari na ƙungiyar matuƙa ta AOPA, mutumin da aikinsa ke nan koyar da wannan darasi. Harrison Ford, ɗan wasan fim, ya fi sa'a ranar 5 ga Maris 2015. Injin tsohon jirginsa ƙirar Ryan ya mutu bayan tashi daga Santa Monica saboda wani ƙarfe da ya kwance a kafireta. Ya juya, ya ga ba zai kai ba, ya haƙura da titin ya nufi filin wasan golf. Ya bugi bishiya, ya ji rauni sosai, amma ya rayu. Abin koyi a wurinsa shi ne haƙurin da ya yi da titin da ya ga lissafi ya ƙi.

A ganina ɗalibi da sabon matuƙi su cire juyawa daga lissafi gaba ɗaya in ba su kai ƙafa 1,000 ba. Wanda ke son sanin iyakar jirginsa ya auna ta a sama, tare da malami, ƙafa 3,000 ko fiye daga ƙasa. Hau da gudun hawa, rufe totur, ƙirga huɗu ba ka yi komai ba, sauke hanci, karkata digiri 45 ƙwallon agogon da ke nuna daidaiton juyi na tsakiya, juya digiri 270 aƙalla tunda komawa layin titi ya fi rabin da'ira, sannan ka duba abin da ka zubar. Maimaita, ɗauki mafi muni, ƙara rabinsa a kai. In ranar ta zo kuma ka wuce wannan tsawo, juya ta inda iska ke fitowa, don ta riƙe ka kusa da layi. Kuma ba lallai sai titi ba: duk wani shimfiɗaɗɗen wuri a cikin harabar fili ya isa.

In inji bai mutu duka ba

Wannan ya fi mutuwa gaba ɗaya yawa, kuma ya fi ta kisa. Hukumar binciken hatsari ta Ostireliya, ATSB, ta tattara rahotannin jirage masu inji ɗaya daga 2000 zuwa 2010. Ta sami 242 da inji ya rage ƙarfi bayan tashi, tara daga ciki an rasa rai. Waɗanda inji ya mutu ɗungurungum 75 ne, babu mutuwa ko ɗaya. Mataccen inji ya yanke maka hukunci. Mai tari kuwa yana ba ka fata, kana riƙe da hanci sama kana jiran ya warke, gudu na tsiyayewa.

Sauke hanci tukuna, daidai da na mataccen inji. Sannan ka duba: da gudun gangara, jirgi na riƙe tsawo ko yana sauka? In yana sauka, sauka za ka yi a gaba, ragowar ƙarfin ka yi amfani da shi wajen kai wa fili mafi kyau, ka rufe totur da ka tabbata ka kai. In yana riƙewa, kewayo a hankali, karkata kaɗan, kana bi ta saman wuraren da za ka iya dira, kana ɗaukar cewa zai mutu a kowane lokaci.

Mataki na shida: gwajin tayarwa da rediyo, in da hali

Ƙasa da ƙafa 400 ko 500, manta da su. Sama da haka, hannu ɗaya ya zagaya da ka, ido na waje: tanki, famfon mai, mariƙin mikisca mai jan launi (mai daidaita haɗin mai da iska) a ture ciki, zafin kafireta, maganeto a kan duka biyu. Daƙiƙa biyar sun isa. In ka ja zafin kafireta inji ya ƙara kakkarwa, kada ka mayar, ƙanƙarar ce ke narkewa. Rediyo shi ne na ƙarshe. Kana kan layin hasumiya, faɗi "Mayday" sau uku, sunan jirgi, inji ya mutu, inda ka nufa. In suka jero tambayoyi, ba dole ka amsa ba. Lambar gaggawa 7700, da ake sawa a na'urar da ke nuna jirgi a rada, sai in hannu ya sami sarari.

Mataki na bakwai: rufe mai da wuta, ka dira

Da ka tabbata za ka kai filin, ja mikisca waje, rufe mai, kashe maganeto. Sauke filaf gaba ɗaya, amma sai ka tabbata ka kai, domin yana rage nisan gangara. Babban makunnin lantarki shi ne na ƙarshe, tunda filaf na Cessna da lantarki yake aiki. Buɗe sakatar ƙofa kafin dira, don in jikin jirgi ya lanƙwashe kada ta maƙale. Ce wa fasinja ya ja bel ya kare fuskarsa.

In ka ga kamar ba za ka kai ba, kada ka ja hanci don ka miƙa tafiyar. Jan hanci rage nisa yake yi. Gara ka dira kafin filin jirgi na hannunka da ka faɗo a bakinsa daga ƙafa 50. Daidaita fukafukai, ɗaga hanci a ƙarshe yadda ka saba, taɓa ƙasa da mafi ƙarancin gudu, ka riƙe sitiyari a janye baya, ka ci gaba da tuƙi da ƙafa har komai ya tsaya.

Fita nan take, ka fitar da kowa, ku matsa ta inda iska ke fitowa. Jama'a za su taru kafin ka ankara, kuma taimako suka zo yi, amma ka nemi wani babba a cikinsu ya janye mutane baya, kada a kunna sigari ko a kawo babur kusa da man da ke zuba. Kira hasumiya ko makaranta ta waya. Ko kana jin garau, bari likita ya duba ka. In ba don ceton rai ko kashe wuta ba, kada a matsar da jirgin, kada kuma ka koma ciki kana gyara mariƙai, domin masu bincike, a Nijeriya hukumar NSIB, suna karanta yadda aka bar kowane makunni. Kafin dare ya yi, sami takarda ka rubuta tsawon da kake, juyin inji, ƙarar da ka ji da abin da hannunka ya taɓa, bi da bi.